Layin da Yaya Ya Ja a Wuyan Sa

A makarantar firamaren da na yi a Zurmi akwai wani malami da ba ya raba mana sabon littafin karatu sai ya bi shi shafi-shafi da jan biro. Duk inda ya ga hoton mutum ko na dabba sai ya ja masa layi a wuya. Akuya, jaki, mace mai daka, ɗan sanda, babu wanda yake tsallakewa. Bayaninsa shi ne, abin da aka raba kansa da gangar jikinsa ba zai rayu ba, abin da ba zai rayu ba kuwa ya fita daga hoton mai rai, don haka mala'ikun rahama za su iya shigowa ajinmu. Kifi ne kawai yake ba shi wahala. Sai ya tsaya da biro a sama yana neman inda wuyan yake, mu kuma muna ƙunshe dariya.

Ba don in yi masa ba'a na kawo shi ba. Mutumin kirki ne, kuma ba shi ya ƙirƙiro abin ba. A wajenmu mutane da yawa haka suke yi, a kalanda, a littafin yara, wani har a kwalin sabulu. Na kawo shi ne don a gane cewa ni ma da layin na tashi. Tun ina zanen doki da gawayi a bangon ɗakin mahaifiyarmu, in na gama sai in gitta masa layi a wuya, kamar yadda ake shafawa in an gama addu'a. Ban taɓa jin zane ya kammala ba sai da shi.

Haka na tafi da shi jami'a, inda na karanci zane. A zangon farko aka zaunar mana da wani dattijo mai gadi a tsakiyar aji, aka ce mu zana shi. Na yi iya ƙoƙarina, ina jin kuma bai yi muni ba, sannan na ja layina. Malamar da ke koyar da mu ta daɗe tsaye a bayana, daga baya ta tambaye ni, ba da faɗa ba, laifin me tsohon ya yi mini da na yanka shi. Ajin ya fashe da dariya, har shi tsohon. Daga ranar na daina. Kunya ce ta fara hana ni, hujja daga baya na je nemanta, domin ni mutum ne da tambaya ba ta barinsa ya sake.

Na tambayi malamai, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Abin da na fahimta, in na fahimta daidai, shi ne maganar tana da saɓani tun da daɗewa. Akwai masu hana zanen duk wani mai rai. Akwai masu cewa tsananin yana kan abin da aka sassaƙa ko aka ƙera, wanda yake tsayuwa ya yi inuwa, shi kuwa zane a kan takarda ko allo bai kai can ba, ko da barinsa ya fi. Ni ba malami ba ne, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya ce na ba shi fatawa. Na dai ɗauki magana ta biyu, ina ɗar-ɗar, na kuma kauce wa sashen sassaƙa na zaɓi fenti, duk da an sha ce mini hannuna ya fi kyau a yumɓu.

Sai da na daina jan layin na gane abin da yake yi wa zane. Ido yana bin jikin dabba ne kamar yadda ruwa yake bin gangare. Ya taso daga ƙaho, ya bi wuya, ya hau tozo, ya zarce har wutsiya. In aka gitta layi, nan ido zai tsaya, ba ya ƙara ganin komai sai yankan. Wataƙila wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A wurina dai ba ƙarami ba ne.

Da na gama bautar ƙasa na dawo Kaura, gidan yayana. Shi ne babba a ɗakinmu, shi ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifinmu. Fataucin hatsi yake yi, yana da babbar mota da ke ɗauko gero da dawa daga kasuwar Shinkafi. Bai taɓa fahimtar abin da na je karantawa ba, bai kuma taɓa hana ni ba. Yana kirana Injiniyan Fenti, in baƙi sun tambayi aikina sai ya ce ai shi ma yana nan yana jiran ya gani. Amma shi ne ya sa aka kwashe buhuna daga ɗakin da ke jikin zaure, aka share, aka buɗe masa taga ta biyu saboda na ce ina bukatar haske. Ban roƙe shi tagar ba. Na ambata ne kawai a kan tuwo.

A ɗakin nan na fara koyon aiki da gaske, ba na makaranta ba. Kayan zane ba a samunsu a Kaura, don haka na koyi ƙona siraran itace a cikin gwangwanin madara mai rufi su zama gawayin zane, na koyi sirka fentin gida da kananzir, na koma yin aiki a kan allon katako maimakon yadin da muka saba da shi. Abin da zan ci ina samunsa a rubutun allon shaguna da zana harufa a bangon makarantun yara. Da safe kuwa, kafin rana ta yi zafi, nawa nake yi. Wata rana in je tsohuwar tashar jirgin ƙasa in zana taragun da suka yi tsatsa. Ranar kasuwa in bi motar Yaya zuwa Shinkafi, in sami gindin bango a kara, kasuwar dabbobi, in zauna ina zanen shanu. Dillalai sun saba da ni. In sa ya ƙi tsayuwa sai su ce in yi haƙuri, bai yi boko ba.

Duk wannan lokaci Yaya bai taɓa shiga ɗakin ya duba abin da nake tarawa ba. Ni kuma, saboda halina, ƙofar a rufe nake aiki. Ina jin na ɗauka shirunsa yarda ce. Wataƙila da na buɗe ƙofar tun farko, da mun yi maganar tun tana ƙarama. Ban sani ba.

Sai Kawu ya zo. Ƙanin mahaifiyarmu ne, manomi daga wajen Gurbin Bore. Ɓarayin daji sun kore masa shanun huɗa, noman kuma ya gagara, Yaya ya aika aka ɗauko shi da iyalinsa. Mutum ne da bai iya zaman banza ba, ga shi an kawo shi inda babu abin da zai yi. Bayan la'asar sai ya jawo tabarma bakin ƙofata ya zauna. Wata rana na buɗe don in zubar da ruwan wanke buroshi, ya hangi zanen wani sa da na manna a bango, ya ce tozon wannan ya yi kama da na farin sansa, sai dai nasa ya fi faɗin ƙirji.

Ba shi ya ce in zana masa ba. Ni na ce zan gwada, kuma na yi ta nanata masa cewa ban tabbata zai yi kama ba, tunda ban taɓa ganin san ba, shi kuma ba shi da hotonsa. Na samo allo babba, tsawonsa ya kusa kai ƙirjina, na shafe shi da fari, muka fara. Yana faɗa, ina zanawa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne Kawu ya fara mantawa. Yau ya ce ƙahon hagu ne ya ɗan sunkuyo, gobe ya ce a'a, na dama ne. Ya ce akwai baƙin tabo a gefen ido, bayan na sa ya daɗe yana kallo, ya ce ko ɗan'uwan san ne mai tabon, ya rasa. In ya rikice haka sai ya kama murza gemu, ni kuma in yi kamar ina gyaran buroshi. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa a kansa ba, wato wuyan. Kauri ne da shi, da fatar nan mai reto a ƙasa, da wani wuri a sama inda karkiya ta cinye gashin ya yi sulɓi. Nan na fi ɓata lokaci. Na yi ta komawa Shinkafi ina kallon wuyan shanun noma, har wani dillali ya tambaye ni ko mahauci nake so in koma.

Da aikin ya kusa ƙarewa, Kawu ya daina gyara mini. Sai ya shigo ya zauna a gaban allon kawai. Ban sani ba ko san nasa na zana, ko kuwa wanda na zana ne ya zama nasa. Ban tambaye shi ba.

Wata ranar kasuwa na je Shinkafi, da yamma direbobi suka ce hanya ba ta da kyau, kowa ya kwana inda yake. Na kwana wajen wani abokina, na shigo Kaura washegari da hantsi. Tun daga zaure na ji warin fenti, amma ba irin nawa ba. Na jan fentin nan ne da Yaya yake sa wa buhunansa alama da shi. Ƙofar ɗakina a buɗe take.

Duk takardun da na tara an fito da su an shimfiɗa a ƙasa, jere, kowace an ɗora mata ɗan dutse don kada iska ta ɗauke ta. Kowace da jan layi a wuya. Shanun kara, raƙuma, mata masu tallan nono, tsohon nan mai gadi na jami'a da na sake zanawa daga baya. Layin a miƙe yake, da alama da sanda aka auna, babu inda ya ɗiga. Taragun jirgi da bishiyoyi an ware su gefe, ba a taɓa su ba. Babban allon yana jingine inda na bar shi, layin ya ratsa daga inda karkiya ta ci har ƙasan fatar.

Ban yi ihu ba, ban iya ba. Na tsuguna ina ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa, ban san dalili ba. Matar Yaya ce ta leƙo. Tsakanina da ita akwai wasa irin na matar wa da ƙanin miji, kuma ita ba ta barin magana ta wuce ta.

"Sannu da hanya, mai gida ƙarami," in ji ta. "Ka ga yayanka ya yi layya tun wata bai kama ba. Ko tsoka ɗaya bai ba mu ba."

Da ta ga fuskata sai ta bar wasan, ta gaya mini yadda aka yi. Wani abokin cinikin Yaya ne ya zo, aka buɗe ɗakin don a ɗauko masa tabarma, ya ga abin da ke ciki. Ya ce wa Yaya gidan da ke da waɗannan mala'iku ba sa shigarsa, ya kuma tuna masa abin da ake cewa za a yi wa masu zane ranar gobe, a ce su busa wa abin da suka zana rai. Shawararsa ita ce a ƙone su. Ta ce Yaya ya kasa cin abinci. Da gari ya waye ya fasa zuwa shago, ya ɗauko gwangwanin fenti ya shiga, ya hana kowa taya shi don kada a ɓata mini aiki.

Don kada a ɓata mini aiki. Na daɗe ina juya wannan maganar.

Bayan azahar na same shi a zaure. Fuskarsa a sake take, kamar wanda ya sauke kaya. Tun kafin in zauna ya ce ya hutar da ni, ya ce an so ya sa wuta ya ƙi, domin ya san wahalar da na sha. Na gaishe shi yadda na saba, na ce, "Yaya, da ka jira ni na dawo." Ya ce da ya jira da na hana, shi kuwa shi za a tambaya a kaina. Na fara yi masa bayanin abin da malamai suka gaya mini, ina inda-inda, ina cewa wai, ina cewa in ban yi kuskure ba. Ina jin yadda nake magana ya sa hujjar ta fito kamar ta marar gaskiya. Ya ce malaman boko ne suka gaya mini abin da nake so in ji. Na ce to mu je wurin limamin unguwarmu, wanda shi ma ya yarda da shi.

Mun je. Liman ya saurare mu, bai yi gaggawa ba. Ya ce maganar da saɓani, kuma wanda ya bari ya fi samun natsuwa. Ya ce layin nan da ake ja ma, ba duk malamai ne suka ce yana canza hukunci ba. Ya ce bai dace a sa hannu a kayan mutum ba da izninsa ba, ko da ƙani ne. Sannan ya ce mai gida yana da iko da abin da zai zauna a gidansa. Kowannenmu ya ɗauki rabin da ya yi masa, muka taho gida. A ƙofar gida Yaya ya tsaya ya ce ɗakin nawa ne har abada, in yi ta zane, shi bai hana ba. Sharaɗi ɗaya ne, duk mai rai da zai kwana a gidansa, da layi zai kwana.

Na so in yarda. Gaskiya na so. Ba ni da inda zan je, ba ni da ƙarfin kama shago mai kyau, kuma ban taɓa yi wa Yaya musu ba tun ina yaro. Na yi ta gaya wa kaina cewa layi ne kawai, siriri, ai da shi na tashi. Na ma gwada. Na zana ɗan maraƙi a takarda, na ɗauki fensir zan gitta, hannuna ya tsaya a sama kamar na malamin nan a kan kifi. Na ajiye.

Kawu kuma ya daina zuwa. Ya mai da tabarmarsa can gindin dalbejiya, bayan gida. Na bar shi kwana biyu, sannan na je na zauna kusa da shi, na tambaye shi ko na yi masa wani laifi. Ya ce babu. Ya daɗe yana tsinke wani kara, sannan ya ce:

"Da ransa anka kora shi, ɗana. Ina tsaye. Ni ban ga an yanka shi ba. Yanzu in na rufe ido, da jan nan nika ganinai."

Zai yi mini sauƙi in ce saboda Kawu na yi abin da na yi, kuma da mutane sun fi yi mini uzuri. Maganarsa ta tura ni, babu shakka. Amma ba na so in ɓoye a bayan dattijo. Ko da Kawu bai ce komai ba, ina jin da na kai wurin, sai dai a makare. Na yi shekaru ina koyon yadda ake kallon abu a zana shi cikakke. Na nemi hukuncinsa iyakar iyawata, na tsaya inda zuciyata ta iya tsayuwa. In zan bari, gara in bari gaba ɗaya don tsoron Allah, in koma rubutun allon shaguna. Wannan zan iya girmama shi. Amma in zana abu da hannuna sannan in yanka shi don in sami ɗakin zama, wannan ban ga tsoron Allah a cikinsa ba, tsoron Yaya na gani.

Takardun ba su gyaruwa. Man fentin ya riga ya ratsa su, ya yi musu inuwa a gefe da gefe. Na tattara su na ɗaure. Allon ne yake da sauran fata. Na jira jan ya bushe sosai, na sa sabuwar reza ina kankarewa a hankali, ina kwantar da ita don kada ta ci katakon. Inda ya ƙi fita na jiƙa tsumma da kananzir na dangwala. Jan fentin buhu mugun abu ne, an yi shi ne don kada ruwa ko rana su goge shi, kuma ya tafi da nawa fentin da ke ƙarƙashinsa. Da na gama, wuyan ya zama kamar hanyar da ruwa ya cinye. Sai na fara ginawa daga ƙasa, toka-toka da farko, in jira ya sha iska, sannan fari mai ɗan ƙasa-ƙasa, sannan sulɓin nan na wurin karkiya. Farin sa ba fari ɗaya ba ne, kuma wanda na haɗa da farko ban rubuta yadda na haɗa shi ba. Na ɓata da yawa kafin ya daidaita.

Abu ɗaya na canza. A buɗe na bar ƙofar. Ko da na ji takun mutum a zaure, ban rufe ba. Na ga in na gyara a ɓoye, na zama ɓarawo a ɗakina.

Yaya ya wuce sau da yawa bai duba ba, ko ya yi kamar bai duba ba. Ranar da ya tsaya, ina kan sa farin ƙarshe.

"Mi kaka yi?"

"Ina gyara wuyan, Yaya."

"Ka san abin da nac ce."

"Na sani, Yaya. Gidanka ne, kuma ba zan sa maka abin da ba ka so a ciki ba. Zan fitar da shi. Amma layin ba zan ja ba, ba a wannan ba, ba a wani ba."

Ban ƙara ko kalma ba, don na san in na ƙara zan fara cewa wai da wataƙila, in rushe abin da na faɗa. Ya dube ni, ya dubi allon. Ina jin ranar ce ya fara kallon aikina da gaske. Ya ce in haka na zaɓa, Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Na ce amin. Ya wuce.

Na sami wani ɗan shago a bayan tasha, tsohon wurin ajiyar wani mai gyaran rediyo. Taga ɗaya ce, ƙarama, rufin kuma da gani ka san ba zai riƙe damina ba. Na kira mai amalanke muka loda kaya. Niyyata in lulluɓe allon da tsohon zani don kada a taru a kaina, sai dai farin bai bushe ba, in na rufe zai kama. Haka san Kawu ya ratsa garin a tsaye a kan amalanke, a buɗe, ina riƙe da gefensa. Ba jarumta ba ce, fenti ne ya ƙi bushewa. Amma da muka kai rumfar mahauta, wani ya ɗaga wuƙa ya tambaya ko na sayarwa ne, ya ce bai taɓa ganin sa ya hau amalanke ba, sai na ji ina dariya tare da su, na kuma daina sunkuyar da kai. Wani dattijo ya kau da fuska yana istigfari. Na gaishe shi, bai amsa ba. Ban ji haushinsa ba, ban kuma tsaya ba.

Na so in ba Kawu allon, amma a gidan Yaya yake zaune, don haka yana shagona. Shi yake takowa bayan la'asar, in ƙafarsa ta bar shi. Ya ce wuyan ya fi na da kauri kaɗan, amma in bar shi haka, wataƙila ma haka yake.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Wani lokaci ina tsakiyar aiki sai maganar busa rai ta faɗo mini, in ajiye buroshi in yi istigfari, in roƙi Allah in na yi kuskure Ya nuna mini ta hanyar da zan gane. Har yanzu ina tambayar malamai in na sami wanda zai saurare ni. In wata rana na gamsu cewa haramun ne, zan bari, kuma zan bari duka. Kafin nan ina aikina. Yanzu raƙuman da ake shigowa da su kasuwa ta wajen Jangeru nake zanawa, kuma na fara samun masu zuwa kallo, ɗaya-ɗaya, har da masu cewa a zana musu.

Ban daina cin abinci a gidan Yaya ba, bai kuma hana ni ba. Kullum ina zuwa gaishe shi, yana amsawa, muna hirar hanya da farashin dawa. Bai taɓa taka shagon ba. Ya kuma daina kirana Injiniyan Fenti, abin da ban zaci zai dame ni ba, ga shi yana damuna.

Da ruwan farko ya sauka bana, muna cin tuwo a zaure, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba ko rufin can yana zuba. Na ce yana zuba, ta kusurwa biyu. Ya ce ɗakin yana nan, bai sa buhu ko ɗaya a ciki ba, maganar kuma tana nan yadda ya faɗe ta. Na ce na gode, Yaya, na san tana nan. Na wanke hannuna, na bi ta kasuwa na sayi leda mai kauri, na je na ja allunan daga jikin bango.